Shingen garkarmu a bakin Tadis: yadda aikin ke tafiya

20 ga Oktoba, 2024

Mun yanke shawara a gida cewa bana garkar da Baba ya bar mana a bakin kwarin Tadis, nan kusa da Tawa, za ta samu shinge na dindindin. Tsawonta mita 60 ne, faɗinta 40, da rijiyar siminti guda a tsakiya, wato kewayenta mita 200 cif. Ƙannena biyu da ke Abijan su ne da kuɗin waya da ƙarfe, ni da ke gida ni ne da gumi, Kawu kuma shi ne da baki. Zan riƙa rubuta abin da aka yi a nan don masu turo kuɗi su san inda kuɗinsu ke shiga, wanda ke da niyyar irin wannan aiki kuma ya ƙaru.

Tun da aka kama noman rani gadan-gadan a ƙasar nan bayan yunwar 1984, zamanin Seyni Kountché, shingen ƙaya ne kowa ya sani. Da an gama kaka sai a shiga daji a saro rassan magarya da bagaruwa da farar ƙaya, a jawo su da jaki, a jera a danne. Shekara guda yake yi. Gara ta ci gindinsa, iska ta kwantar da samansa, abin da ya rage mata su riƙa zarewa sanda-sanda suna kaiwa murhu. Yanzu iccen ma ya yi nisa, ga ƴan gandun daji ba sa wasa da dokar daji ta 2004, wanda aka kama da gatari a jikin gawo ya san sauran. Ni ban ga laifinsu ba. Mutum ya kashe itatuwa goma kowace shekara don ya tsare albasar wata huɗu, lissafin bai fita ba.

Tsarin da muka zauna a kai hawa uku ne: ragar waya a waje, darnin kara ta gabas saboda iska, sannan shinge mai rai daga ciki, wanda shi ne ainihin abin da nake so. Waya aikinta ta tsare ƴan itatuwan har su iya tsare kansu.

3 ga Nuwamba

Lahadi, kasuwar Tawa ta ci. Na zaga shagunan ƴan ƙarfe da magininmu. Ragar waya ana sayar da ita naɗi-naɗi, kowane naɗi mita 25, tsayinta mita ɗaya da rabi, saboda haka naɗi takwas muke buƙata. Iri biyu ce: wadda ake saƙawa a nan da injin hannu, da wadda ake shigowa da ita. Magini ya ce kada in kalli sheƙi, in kalli kaurin wayar da girman idon. Ya kama guda da yatsu biyu ya lanƙwasa, ta bi shi ba gardama, ya ajiye bai ce komai ba. Mai faɗin ido kuma ɗan akuya zai zura kai ya maƙale, gobe a zo ana neman ka da diyya. Mun ɗauki mai ƙaramin ido mai kauri, ko da yake ta fi tsada.

Tsadar kuwa kowane mai shago baki ɗaya yake ba ta: iyaka. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 hanyar Kwatano ta rufe, aka gicciye manyan akwatunan ƙarfe a kan gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ɗage takunkuminta a Fabrairun bana, iyakar Najeriya ta wajen Ƙonni an buɗe, amma ta wajen Benin har yau shiru, kaya sai sun zagayo ta Lome da Burkina. Abin da ya sanyaya mana rai siminti ne, tunda gwamnati ta karya farashinsa a watan jiya bayan ambaliyar damina, ga Malbaza kuma nan bayan gidanmu.

12 ga Nuwamba

Yau ba a haƙa rami ko guda ba, amma ina ganin yau aka yi rabin aikin.

Na roƙi maigari ya zo da ƴan kwamitin ƙasa na gari, waɗanda muke kira Kofo, aka kira maƙwabtanmu na kudu da yamma, aka aika wa ardon Fulanin da ke sauka a tudu duk rani. Shingen ƙaya yana tafiya, bana ya matsa taku biyu, baɗi ya koma taku ɗaya, ba wanda ke tanka wa wani. Ƙarfen da aka zuba wa siminti kuwa inda ya tsaya nan iyaka ta tsaya har jikoki. Shi ya sa ban yarda a kafa ko guda ba sai a gaban shaidu.

Kudu da yamma ba a daɗe ba. Akwai tsohuwar aduwa da wani dutse da kowa ya yarda da su, aka ja igiya tsakaninsu, aka yi fatiha. Arewa ce ta ci mana hantsi har azahar. Ta nan burtali ya wuce, wanda bisashe ke bi su gangara tabki. Turakun simintin da aka taɓa kafa masa biyu sun faɗi, guda yashi ya binne, shingen ƙayarmu na shekarun nan kuma ya ɗan ci cikinsa. Da yara suka tono wanda ya binnu, aka ja igiya zuwa wanda ke tsaye, sai ga mita huɗu na abin da muke nomawa a cikin hanyar bisashe.

Kawu ya ce atafau. "Wurin ga ni da uban yaran ga munka sassabe shi da hannunmu, ba wanda za ya ce mu bar shi."

Ardo bai ɗaga murya ba. Ya dogara da sandarsa ya ce, "Malam, ban musa maka ba. Amma burtalin ga ya girme ni, ya girme ka. In kun matse shi, saniya ba ta san waya ba, ta baya na turo ta gaba. Ran da sunka kada muku ƙarfe, kada a ce ɗiyana sun yi ganganci."

Sakataren Kofo ya yi bayani a tsanake. Dokar karkara ta 1993, wadda ita ta haifar da waɗannan kwamitoci, da dokar kiwo ta 20 ga Mayu, 2010, sun sa burtali cikin dukiyar ƙasa. Ba a noma shi, ba a gina shi, ba a tare shi. Ya ƙara da abin da ya fi shafarmu: da zarar gwamna ya sanar da ranar sakin gonaki, mai shukar rani shi ke da nauyin tsare shukarsa. Ka bar ta a buɗe dabba ta shiga, kada ka sa ran diyya. Wato doka ta ce ka yi shinge, ta kuma faɗa maka inda ba za ka yi shi ba.

Na ja Kawu gefe na ce, "Kawu, ku yi haƙuri. Kwamin albasa nawa ne cikin mita huɗu? Da mu kwana muna gadin waya gara mu bar musu." Ya daɗe yana kallon igiyar, sannan ya ce wa maigari, "Ranka ya daɗe, yaro ya yanke." Bai sake yi mini magana ba har magariba.

Garka ta koma mita 60 da 36, kewaye mita 192. An rubuta, kowa ya sa hannu, wasu suka dangwala.

24 ga Nuwamba

Ramuka. Kowane mita biyu da rabi rami guda, zurfin rabin mita. Ta gabas yashi ne, aiki kamar wasa. Ta yamma mun ci karo da marmara, ƙarfen haƙa yana tartsatsi, yara biyu suka gudu da rana ba su dawo karɓar kuɗinsu ba sai da dare.

Sandar ƙarfe mita biyu ce, rabin mita a ƙasa, ɗaya da rabi a sama. Magini yana sa a walda ɗan guntun ƙarfe a gicciye a gindin kowace sanda kafin a zuba kankare, ya ce sandar da ba ta da shi, mutum biyu su girgiza ta da dare su zare ta salin-alin su bar maka rami. Na kusurwa huɗu da na bakin ƙofa an yi musu tokara biyu-biyu. Muna shayar da kankaren safe da yamma.

9 ga Disamba

An ja waya. Da farko zare uku na waya mai kauri, sama da tsakiya da ƙasa, an ɗaure su tamau daga kusurwa zuwa kusurwa, sannan aka warware raga aka ɗaɗɗaure a jikinsu. Jan raga aikin mutum biyar ne. Ana zura sandar ƙarfe ta cikin idanun bakin naɗin daga sama har ƙasa, a ɗaura igiya a tsakiyarta, uku su ja, biyu su bi suna murɗa ƙananan wayoyi da filaya. In aka ja da hannu ta ido guda, ragar buɗewa take ta yi tumbi, kuma tumbin nan ne akuya ke nema ta goga jikinta har ta kwantar da shi.

Ƙasan ragar mun binne shi kamar taƙi guda, muka jera duwatsu muka danne. Tunkiya ba ta da wayon shiga, in ta ga an tare sai ta juya. Akuya kuwa zagayawa take tana gwada ƙasa da hanci, inda ta ji laushi nan za ta tona.

Ƙofa biyu muka bari. Babba ta kudu mai ƙyaure biyu, wadda amalanke zai shiga da taki, da sarƙa da kwaɗo. Ƙarama ta yamma, saboda matan unguwar tudu da suka saba ɗibar ruwa a rijiyarmu in famfo ya ɗauke. Inna ce ta tsaya a kan wannan. Ta ce rijiyar da Baba bai taɓa hana kowa ba, ba ita za ta zauna ta ga an sa mata kwaɗo ba. Magini ya yi dabara: ya kafa ƙarfe uku a karkace, mashigar ta zama lungu mai kwana, mutum da tulu a ka ya wuce a tsaye, jaki da saniya ba su iya juyawa a ciki. Don awaki an ƙara ɗan ƙyaure mai komawa da kansa da igiyar roba ta tsohuwar taya.

Raga ta rage wajen mita goma sha biyu. Na naɗe na kai ɗaki.

5 ga Janairu, 2025

An saki gonaki, garkunan shanu sun fara gangarowa daga Azawak, ta wajen Abalak da Cintabaradan. Tun kafin dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, haka tafiyar take: damina su hau arewa, rani su sauko cin kara. Jiya da la'asar na tsaya cikin garka ina kallon garke yana bin burtali. Shanun suna tafe kafaɗa da kafaɗa, ƙaho na karo da ƙaho, ƙura ta rufe rana, amma tsakaninsu da waya akwai sarari. Wani yaro makiyayi ya ɗago mini sanda. Kawu yana nan a tsaye, ya ce, "To, sun wuce." A bakinsa wannan yabo ne.

Albasar Galmi ta kama, kabeji da tumatir ma haka.

19 ga Janairu

Hunturu ya buɗe wuta. Raga tana tare dabba amma iska ratsa ta take, yashi na zuwa yana yankan ganyen albasa ta gabas, kwamin farko duk sun yi fari-fari. Mun sayi karan hatsi amalanke uku muka tsayar da darni a jikin ragar daga ciki, aka ɗaure da igiyar kaba. Wani maƙwabci ya ce in sa zanar gamba ko tabarmar roba ya fi rufewa. Na ƙi. Abin da ya rufe ruf, iska tana hawa ta faɗo bayansa da ƙarfi, ko kuma ta kada shi da sandunan gaba ɗaya. Darni yana barin kaɗan ta wuce, ƙarfinta ya karye.

Wannan ba daga kaina na samo shi ba. Duk wanda ya taɓa bin kwarin Majiya ta wajen Buza ya ga layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975, ƴan gandun daji da ƙungiyar agaji ta CARE da manoman wurin. Layi biyu-biyu ne, tsakanin wannan jeri da wancan mita 100, an gicciye su a gaban iska, hatsi yana girma a tsakani. Abin da mutane ke mantawa shi ne shekarun farko sai da aka ɗauki masu gadi su tsare ƴan itatuwan daga bisashe, in ba haka ba da ko ɗaya bai kai gwiwa ba. Mu wayarmu ce mai gadin.

16 ga Fabrairu

An yanke mana raga da dare ta kusurwar arewa maso yamma, tsakanin sanda uku, an naɗe an tafi da ita. Yankan filaya ne, tsaf, ba aikin dabba ba, ba kuma aikin yara ba. Ba a taɓa albasa ko guda ba. Da safe awaki suka samu ƙofa, kafin yaronmu ya iso sun aske kwamin salati biyu.

Wasu sun fara cewa Fulani. Na ce kada wanda ya sake faɗa a gabana, makiyayi ba ya kiwon kaji balle ya nemi ragar akurki. Na fito da ragowar da na ajiye muka toshe, ta isa har da saura. Kawu ya ce, "Ɗana, shinge mai kunya yaka hanawa." Daga yau kowace sanda an ɗaure ragar a jikinta wuri biyar, an kuma shafa wa ragar jan fenti ɗigo-ɗigo yadda duk inda aka gan ta za a gane ta. Yaronmu ya koma kwana a bukkar garka da kare.

20 ga Maris

Azumi, ga zafi. Ba a yi komai ba sai cirar albasa. Gara ta fara cin gindin darni, an bar mata, aikinsa ya ƙare.

13 ga Afrilu

Yanzu aka zo wurin da nake jira. Mun kafa rumfa kusa da rijiya muka jera ledojin reno, ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki a gauraye. Iri uku: dirga, magarya, bagaruwa. Ƙwayar dirga da ta bagaruwa suna da taurin ɓawo, sai an zuba musu ruwan zafi an bar su sun kwana a ciki, in ba haka ba su yi wata a ƙasa ba su motsa ba. Magarya kuma ƙwallon ake fasawa a hankali a ciro ƙwayar.

Kowanne da dalilinsa. Dirga tana jure aski, in ana datse kanta sai ta cika daga ƙasa ta sarƙe. Magarya ga ƙaya mai ƙugiya ga ƴaƴan da yara ke sayarwa a bakin lakwal. Bagaruwa ƴan kaɗan muka sa, don kusurwoyi kawai, saboda in ta girma inuwarta na danne shuka. Amma dukawan Tawa ba su rabuwa da neman kwafsarta don jima. Wani ya kawo mini irin ƙayar nan ta waje mai saurin girma, wadda ta cika bakin tabkuna. Na gode masa na mayar. Saurin nata ne abin tsoro, saiwarta na bin ruwa har cikin rijiya, awaki su ci ƴaƴanta su watsa ta ko'ina, bayan shekara biyar kai ke neman wanda zai raba ka da ita.

18 ga Mayu

Aguwa. Ita ba a renonta, reshe ake sarowa, tsawon kamu biyu, a ajiye a inuwa ƴan kwanaki farin ruwanta ya tsane, sannan a kafa a busasshiyar ƙasa kafin ruwan farko. Inna ta ce wanda ya jira damina ya dasa aguwa, ruɓewa za ta yi. Mun kafa ta ta arewa, wajen waya, daidai kan layin da aka shata da Kofo, taƙi guda tsakanin reshe da reshe. Bisashe ba su damu da ita ba saboda ruwanta, shi ya sa ita kaɗai muka yarda ta zauna a bakin burtali. Ruwan nan kuma in ya shiga ido ba daɗi, na sa yaran suka wanke hannu da toka kafin su ci tuwo.

14 ga Yuli

Ruwan daren Juma'a ya zo da ƙarfi. Wata ƴar ƙorama da ke saukowa daga tudu ta bi ta kusurwar kudu maso gabas ta kwashe ƙasar ƙarƙashin raga, sanda biyu suna lilo da kankarensu a waje, ramin da ya buɗe ɗan maraƙi zai shige. Ragar kuma ta tare ciyawa da ledoji da kara, suka zama bango, ruwan ya taru ya tura.

Wani dattijo cikin maƙwabta ya yi aiki a Keita lokacin babban aikin da Italiya da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka fara a 1984, ya san ɗaurin dutse cikin kwandon waya. Shi ya nuna mana. Ba a tare ƙorama a bakin garka, a sama ake tare ta, kuma ba da bango guda ba. Mun hau tudu muka jera duwatsu layi uku a gicciye, kowane layi gefensa ya fi tsakiyarsa tsayi don ruwa ya bi ta tsakiya ya rage gudu ya ajiye yashinsa. A kusurwar kuma muka saƙa kwando da ragowar raga muka cika da dutse, aka mayar da sandunan a bayansa. Ƙasan ragar a wurin an ɗaga shi kaɗan, an sa duwatsu manya da ruwa zai ratsa akuya ba za ta ratsa ba.

3 ga Agusta

Ranar samun ƴancin kai, ranar dashen itace kuma. Mu tun makon jiya muka fara, yau aka ƙarasa. Layi biyu daga cikin waya, rabin mita tsakanin tsiro da tsiro, na layin baya yana fuskantar giɓin na gaba. Dirga da magarya a cakuɗe, bagaruwa a kusurwa. An bar rabin mita tsakaninsu da raga don akuyar da ta zuro baki kada ta kai. Aguwa yawancinta ta yi ganye, sai wajen goma da suka ruɓe a inda ruwa ke kwanciya, ba za a maye su ba sai bazara.

Abin da ya rage: datse kan dirga in ta kai gwiwa, ban ruwa daga Oktoba har rani ya fita, da sabon darni kafin hunturu. Sai maganar raƙumi. Mita ɗaya da rabi ba komai ba ne a wurinsa, tsaye yake ya miƙo wuya ya ci abin da yake so, magarya kuma abincinsa ce. Magini ya ce a ƙara wa sandunan arewa tsawo a ja waya mai ƙaya zare biyu a sama. Ardo da na tuntuɓa ya ce waya mai ƙaya a bakin burtali tana yaga fatar dabba, zai fi so a sa mara ƙaya a rataya mata tsummoki. Ƙannena sun ce a aiko musu da farashin kowanne kafin ƙarshen wata, ranar Lahadi zan shiga kasuwa in tambayo.